Bawana Ya Tafi Bai Sa Hannu Ba

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, kuma babu wanda za a bari a baya ya ja ƙofa. Ranar Laraba da hantsi muka kai Farfesa makwancinsa a Talata Mafara. Na san da sanyin rai ake rubuta ta'aziyya. Ni dai ban samu sanyin ba. Wanda ya samu ya rubuta tasa.

Mutane iri biyu suka zo zaman makoki. Manoman Bakura da na Tsibiri sun zo a kan babura, uku-uku, suka tuɓe takalma tun daga nesa, suka zauna a bakin tabarma. Sai da suka gaishe mu gaisuwa mai tsawo, har gida da dabbobi, sannan suka ce, "Allah shi gafarta mai, Allah shi ba mu haƙuri." Wani tsoho daga Tsibiri ya cire hularsa ya share ido da ita, ya tafi.

Sai daktoci, waɗanda mamacin ya yaye. Motocinsu suka toshe lungu har mai kurar ruwa ya rasa ta inda zai wuce. Wannan ya ce bango ya faɗi. Wancan ya ce an bar giɓin da ba za a cike ba. Wani ya miƙe tsaye zai yi jawabi, da Turanci, a kan tabarmar makoki, sai da liman ya yi tari sau biyu ya zauna. Na ga wanda ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa hoto, fuska a marairaice. Na ce a raina, to, bawan Allah, ga 'ya'yanka, ka sha kallo.

Duk wannan da na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya ranar sadakar uku na ji shi. Na shiga soro in ɗauko buta, sai na ji muryar Ɗan Fari. Haka muke kiran ɗalibin da Farfesa ya fara yayewa a digirin digirgir, kuma yau shi ne shugaban sashe, a kujerar da malaminsa ya taɓa zama. A gabansa Auta ce a durƙushe, ɗaliba ta ƙarshe, 'yar Maradun, wadda ta shekara huɗu tana aiki a hannun mamacin.

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Malam bai sa hannu a kundinki ba. Babu sa hannu, babu aiki. Za mu ba ki wani malamin, ki ɗauki sabon batu, irin wanda ake yi a kwamfuta ba sai an shiga ƙauye ba. Sito kuma nan da sati biyu za a kwashe shi. Ofis muke bukata."

"Ranka shi daɗe, ƙasata na ciki."

"Ƙasa ce fa. Ƙasa ta ƙare a Zamfara?"

Ga wanda bai sani ba, a siton nan akwai 'yan jakunkuna, kowace da takardarta, cike da ƙasar da Auta ta haƙo daga gonakin shinkafar Bakura, rani huɗu da damina huɗu. Tana binciken dalilin da ya sa gonakin suke yin fari da kanwa, shinkafa tana ƙonewa a tsaye. In malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ta ya ce a sake auna wata jaka, sai a ɗauko. In an zubar, shi ke nan, bakinta ne kawai. Kuma ba a komawa gona a haƙo ƙasar shekara uku da suka wuce, ko da hanya tana biyuwa, balle yanzu da wasu gonakin sai an tambayi labarin hanya kafin a fita. Shekara huɗu ta yarinya za a share da tsintsiya, malaminta bai kwana uku a ƙasa ba.

Kafin in ci gaba, ya kamata a san wa ke magana. Ni ne ubangidan Farfesa. Kada a yi dariya. Gwaggona ce ta haife shi, yayar ubana, kuma duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Ya girme ni da shekara shida, ya je har ƙasar Turawa ya dawo, amma bai karanto abin da zai 'yanta shi ba. Ni kuwa a aji huɗu na firamare muka rabu baram-baram da lissafi. Da ya buɗe ɗakin gwajin ƙasa a wajen gari, kusa da hanyar ruwan dam, ya ce in zo in riƙe masa turmi. Shekara talatin da ɗoriya ina shanya ƙasa, ina daka ta, ina tankaɗe ta da rariya, ina wanke kwalabe. Mata na daka hatsi a ci, ni ina daka ƙasa a rubuta. A gaban baƙi ina ce masa Farfesa. Da sun fita sai in ce, "Bawa, miƙo min tabarya." Ya miƙo.

Mutum ne mai ɗanɗana ƙasa. Ba habaici nake yi ba. In an kawo jaka, kafin ta hau sikeli, sai ya ɗibi kaɗan, ya jiƙa da yawu, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, ya taɓa a harshe. Ya gaya maka jigawa ce ko laka, an sa mata taki ko an yi mata rowa. Na'ura ta yi kwana biyu tana aiki ta zo ta faɗi abin da ya faɗa. Duk rigunansa akwai jan tabo a aljihun ƙirji, saboda jan biro da yake mantawa a buɗe. Ɗalibai sun fi tsoron biron nan da kunama. Maganarsa ta kullum ita ce, "Ƙasa ba ta ƙarya, mai jaka ka yi."

Dokoki biyu ya kafa waɗanda babu su a takardar jami'a. Ta farko, ba ya sa hannu a kundin kowa sai ɗalibi ya zauna a gabana, ni, ya bayyana mini aikinsa da Hausa har na gane. In na ce ban gane ba, babi ya koma. Yakan ce, "In Ubangida bai gane ba, kai ma ba ka gane ba, haddacewa ka yi." Na ga manyan mutane masu gemu suna zufa a gaban turmina. Wani ya fara zuba mini Turanci, na ce, "Yaro, ni ko biredi da Hausa nika sayen shi." Sau uku na mai da shi. Wani kuma, tun da ranar faɗin gaskiya ce, na kayar da shi ne don ya wuce ni da safe bai gaishe ni ba. Allah Ya yafe mini. Ya gyara gaisuwa, kuma babin ma ya gyaru.

Doka ta biyu, ƙasa aro ce. In aiki ya ƙare, wanda ya haƙo ta shi zai ɗauki ragowar ya mayar gonar da ya ɗebo, ya nemi mai gonar, ya gaya masa abin da aka gani. Ba aike, ba takarda. Da ƙafarka. Abin da ya kawo manoman nan zaman makoki ke nan. Ba su san mene ne digirgir ba. Sun san mutumin da ke dawo da abin da ya ara.

Yanzu ga labarin Ɗan Fari, kuma da izninsa nake ba da shi, za ku ji yadda aka yi. Wata damina, shekara ashirin da wani abu, aka tura shi Faru ya haƙo ƙasa. Rafi ya kawo, babur ba ya ƙetarewa. Bayan kwana biyu sai ga shi da jaka goma, kowace an rubuta mata Faru da kyakkyawan rubutu. Na zuba ta farko a turmi, tabarya ta bugi murfin kwalbar lemo. Na kira bawana. Ya murza, ya shinshina, ya tashi ya rufe ƙofa. Mu uku ne a ɗakin.

"Yaushe mutanen Faru sunka fara shuka gero da baƙin mai?"

Ɗan Fari ya zube ƙasa. A bayan tashar motar garin nan ya haƙo ta, inda makanikai ke juye mai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa ko taku biyu bai kai ba. Takarda ɗaya Farfesa zai rubuta, a kore shi, ba zai sake taka wata jami'a ba. Bai rubuta ba.

"Da ka dawo ka ce rafi ya hana ka, da na rubuta rafi ya hana. Tsoron ruwa ba abin kunya ba na. Wagga ita ta abin kunya."

Ya ƙara masa shekara guda. Washegari ya sa shi a gaba har Faru, muka ƙetare rafin nan ruwa har ƙirji, jakunkuna a ka, ni a baya ina tsine wa boko da wanda ya kawo shi. Jaka tara na tashar aka zubar. Ta goma Farfesa ya ɗora a can saman kanta a sito, ya ce masa, "Ran da ka ga ka isa, ka zo ka maida ta inda ka ɗauko." Ɗan Fari ya gama, ya zama dakta, ya zama farfesa shi ma. Bai zo ba. Malaminsa kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba, ko uwargidansa.

Kada a ɗauka waliyyi nake yabo. Bawana yana da baki kamar barkono. Bai iya cewa ka yi ƙoƙari ba. Iyakar yabonsa, "Ya yi." In ka samu wannan sai ka yanka kaza. Yakan riƙe babi wata biyu a kan lamba ɗaya da bai yarda da ita ba. Na ga ɗalibai suna kuka a bayan tankin ruwa, wasu da gaskiyarsu. Akwai wanda ya gudu bai dawo ba, kuma har yau ina ganin da an sassauta masa da ya yi.

Amma shi ɗin ne dai, da Auta ta haihu a shekararta ta biyu, dangin mijinta suka ce karatu ya isa haka, ya hau tsohon babur ɗinsa har Maradun. Ya zauna da surukinta suka gaisa, suka sake gaisawa. Bai ambaci makaranta ba ko sau ɗaya. Ya ce yana son ganin gona. Suka je, ya ɗanɗana ƙasar, ya gaya wa tsohon dalilin da ya sa dawarsa ta kusurwar gabas ba ta wuce ƙugu. Tsohon ya ce, "Ashe abin ga taka koyo?" Farfesa ya ce shi ne. Tsohon ya ce, "Ta ci gaba." Bayan haka na sha ganin Farfesa a gindin bagaruwa a Bakura, jariri a kafaɗa, zanin goyo a wuya, uwar tana can cikin laka tana haƙa. Manoma na wucewa suna cewa, "Sannu da raino, Malam!" Yana ce musu, "Ku yi a hankali, mai gida na barci."

To wanda ya yi wannan, me ya hana shi sa hannu? Tambayar da ta hana ni cin abinci ke nan. Kundin ya kammala tun kafin ya kwanta ciwo, kowa ya sani. Sa hannu ɗaya! Biro yana aljihu, a buɗe ma!

Da wannan fushin na je wurin uwargidansa rana ta shida. Tana takaba, na tsaya a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa, sannan na fara.

"Hajiya, mijinki ya cuci yarinyar ga. Taurin kai nai ya bi shi har kabari. Mi za ya rage mai in ya sa hannu?"

"Ka gama?"

"Ban gama ba."

"To tsaya, ka ƙarasa da wanga a hannu."

Ta turo kundin ta ƙarƙashin labule. Ta ce in buɗe shafin ƙarshe. Ina karanta Hausa, a hankali, da yatsa. Jan biro ne, rubutun yana rawa: "Ya yi. Saura Ubangida ya ji. In ya ji, in sa hannu."

A nan dole in faɗi abin da na so in tsallake. Wata uku kafin rasuwarsa, na daka ƙasar Bakura a turmin da ban wanke ba bayan na daka ta ƙauyen Ruwan Gizo. Idona ya fara hazo, na ga kamar a wanke yake. Jaka guda ta Auta ta gauraye, ta tashi daga aiki. Farfesa ya daka mini tsawa a gaban ɗalibai: "In ido ya gaji, shi zauna gida!" Na jefar da tabarya, na fita. Sau biyu ya aiko a ce yana nemana. Na ce a gaya masa bawa ke zuwa wurin ubangidansa. Bai zo ba. Na ce girman kai ne. Ashe ƙafafunsa ne suka kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi, ya kuma hana a gaya mini. Aike na uku shi ne na rasuwa.

Na nemi Auta a tsakar gida. Na ce, "Ke, kin san ni aka jira?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sani, Baba."

"Shi na ba ki zo kin gaya min ba?"

"Malam ya ce kar in roƙe ka. Ya ce in ka huce za ka zo da kanka, ba ka taɓa wuce sati biyu ba."

Ban taɓa ba, sai wannan karon. Shi da dokarsa, ni da zuciyata, tsofaffi biyu muka taru muka danne yarinya. Da zan iya tono shi in yi masa faɗa da na yi, shi ma ya yi mini, mu huta.

Rana ta bakwai, da aka shafa addu'a da safe, kafin motoci su watse, na tari Ɗan Fari. Na rusuna masa sosai, irin rusunawar da ke sa mai hankali ya tsargu.

"Ranka shi daɗe, tun da za a kwashe sito, ka zo ka gani da idonka, kar a ce tsoho ya ɓoye wani abu."

Ya duba agogo, amma ya zo. Na sa Auta ta riga mu. Na kuma riƙo wani dattijo daga Bakura, wanda mafi yawan jakunkunan daga gonarsa aka haƙo su. Na jawo kujerata ta gindin turmi na zauna, na gyara hula.

"To, 'yata. Mi ya hana shinkafar mutanen ga?"

Ta ce, "Baba, ka san in an bar tukunya a wuta har ruwa ya ƙone, abin da ka saura a gindi?"

"Fari-fari. Na sha faɗa a kai."

"Haka gonar take. Ana sako ruwa da yawa, magudanar da za ta fitar da shi ta cushe da ciyawa da laka. Ruwan ya kwanta a ƙarƙashi, ya taso, ya ɗauko kanwar da ke can ƙasa ya kawo ta sama. Rana ta shanye ruwan, ta bar kanwar a bakin saiwa."

"In haka na, mi ya sa gonar maƙwabci nai ba ta yi fari ba? Ko shi da rana suna da dangantaka?"

"Tashi tana kan tudu, Baba. Ruwan ƙarƙashi bai kai gare ta ba. Na auna zurfin ruwan a duka biyu, rani da damina."

Dattijon ya matso. "Ɗiyata, taki fa? Bara buhu kan buhu na zuba."

"Baba, ba yunwa taka ji ba, kanwa ta shaƙe ta. Ku taru ku yashe magudana tukun, ruwa shi wanke ta shi wuce. Sannan taki shi yi aiki."

Dattijon ya tafa hannu. "Wallahi tun sadda munka bar yashe ta abin ga ya faro!"

Na yi mata tambaya huɗu bayan wannan, biyu don in gane, biyu don mugunta. Ta amsa duka. Na ce, "Na ji. Na gane." Na juya inda bawana yake tsayawa da biro, babu kowa a wurin sai sikeli.

Ɗan Fari ya yi gyaran murya. "Baba, abin ya burge ni. Amma wannan ba ƙa'idar jami'a ba ce. Takarda ba ta san turmi ba."

"Gaskiya ne, ranka shi daɗe," na ce. "To a kwashe. Amma dokar ɗakin ga ka san ta, kowa shi maida abin da ya haƙo. 'Yata, ku ɗan ba mu wuri, ke da Baba."

Da suka fita na taka benci, gwiwoyina suna ƙara, na miƙa hannu saman kanta. Jaka biyu na taɓa, ba ɗaya ba. Na sauko da tsohuwar, ledarta ta yi rauni, takardar ta yi ja, amma Faru na nan da kyakkyawan rubutu. Na ajiye ta a gabansa.

"Taka ta fi tsufa, da ita za a fara. Tasha ba nisa."

Wani zai ce barazana na yi masa. Ban musa ba. Ni ba farfesa ba ne, tabarya na sani.

Ya daɗe yana kallon jakar. Ya ɗaga ta ya shinshina, ban san ko baƙin man yana nan ba. Ya ce, "Na ɗauka ya zubar da ita tuntuni."

"Shekara ashirin yana share mata ƙura."

"Ya gaya wa wani?"

"Ko Hajiya ba ta sani ba. Rannan takarda ɗaya za ta kashe ka, ya ce takarda ba ta san yaro ba. Yau kai ka gaya min takarda ba ta san turmi ba?"

Ya sa jakar a hammata, a kan farar shaddarsa, ya ce direba ya jira. Da ƙafa muka tafi, tsakar rana, ta cikin masu lemo da 'yan kamasho, har bayan tasha. Makanikai suka bar aiki suna kallon babban mutum ya tsuguna yana kwance leda yana juye ƙasa a kan ƙasa. Wani ya ce, "Alhaji, asiri na?" Na ce, "Karya shi aka yi." Ɗan Fari ya karkaɗe ledar sarai, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai tashi da wuri ba.

A hanyar dawowa ya ce, "A bar siton. Ni zan karɓe ta, in sa hannu a ƙarƙashin rubutun Malam." Can kuma ya ce, "An ce kana rubuta ta'aziyya. Ka sa wannan a ciki. Ɗalibaina su ji daga bakinka, ni ba zan iya ba." Na sa. Ban yafe masa maganar soro ba tukuna, amma na sa.

Sauran daktocin kuwa, masu bango ya faɗi, ko ɗaya bai tambayi wa Malam ya bari a hannu ba. Sun sha fura, sun ɗauki hoto, sun ba lungu iska. A cikinsu akwai waɗanda na san yanzu suna sa hannu a kundin da ba su karanta ba, suna ɗora sunansu a kan gumin yara, ɗalibi ya yi wata shida yana bin su bai ga ko ƙeyarsu ba. Ban kira suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In kuna son cike giɓi, ku buɗe babin da ke kan teburinku tun bara ku karanta.

Na ce jaka biyu na taɓa. Da kowa ya watse na koma na sauko da ta biyun. Sabuwa ce. A takardarta, da jan biro mai rawa, an rubuta Ubangida. Ita ce wadda na gauraya. Ya ɗora ta kusa da ta Ɗan Fari, munafukin Allah, yana jiran ran da zan ga na isa.

Tana nan a ɗakina, kusa da buzun salla. Rabinta Bakura, rabinta Ruwan Gizo, kuma duk rariyar duniya ba ta raba su. Wanda zai ɗanɗana ya gaya mini inda ta fi karkata mun rufe shi ranar Laraba. Na yanke shawara, in malamin waje ya zo Auta ta kare kundinta, ran da za ta mayar da ƙasarta zan bi ta. In raba tawa biyu, in kai wa kowane mai gona rabi, in gaya masa da bakina cewa akwai ta wani a ciki, kuma ni na yi.

Ya Allah, ga bawana nan, wanda dama naKa ne, aronsa Ka ba ni. Ka yafe masa bakinsa da taurin kansa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa abin da ya koyar ya bi shi da lada. Ka ba uwargidansa da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma Ka rage mini zuciya kafin tawa ta zo, don in mun haɗu akwai maganar da ba mu ƙarasa ba.

Turmin dai na wanke shi. Sau biyu.